Kurra da Kainji a idon mutumin Magarya

A Kurra, kan tudun Jos, akwai wata ƙaramar tashar lantarki ta kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 domin masu haƙar kuza. Ruwa ke gangarowa ta cikin bututun ƙarfe, ya bugi injin, injin ya juya janareto. Ƙarfinta megawat 8 ne kacal. Turawan kuza sun tafi, kasuwar ta mutu, amma injinan suka ci gaba da haska Bukuru da kewaye, har aka san wutar NESCO da rashin yawan ɗaukewa.

Madatsar Kainji kuwa, da aka kammala a 1968, an tsara ta a kan megawat 960, amma injinan megawat 760 aka kafa mata. Nijar ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga manyan tashoshin Najeriya irin Kainji, kuma ta jihar Damagaram daga Katsina take shigowa, ta bi ta Gazawa. Tana da araha, wannan ba musu. Sai dai a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an yanke layin, ba a mayar ba sai Maris 2024. Mai walda da mai sayar da ƙanƙara ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, amma su suka sha wahalar.

Ni dai zuciyata tana wajen Kurra. Matsalar ita ce Magarya da Dungas ba su da tudun da ruwa zai zubo. Ƙorama a shimfiɗe take, ruwanta a fadama yake kwance, yana ciyar da rake da kayan lambu, ba zai juya injin ba. Abin koyi daga Kurra shi ne tashar tana kusa da masu shan wutarta, a hannun ma'aikatan da suka san kukan kowane injin.

Abin da muke da shi a yalwace rana ce. Tashar sola ta Malbaza, ta 2018, megawat 7 ce, kusan tsarar Kurra a ƙarfi. Ita ma da nata rauni: dare na yi sai batir, ƙurar hunturu kuma tana rufe farantan sai an bi ana gogewa. Farantin kan kai shekara 25, batir ba ya daɗewa haka. In za a kafa irinta a Dungas, kuɗin canjin batir da horar da masu gyara ƴan garin su shiga lissafi tun ranar farko.