Jatan Lande na Tekun Guinea: Halittarsa, Mazauninsa da Amfaninsa

Bahaushe ya san jatan lande a busasshe, ana auna shi a kasuwa don miya. Mafi yawan wannan ƙanana ne na bakin koguna, daga wajen Oron da Kalaba. Amma akwai wani babba na cikin teku, wanda masana suke kira Penaeus notialis, shi ne za mu yi bayaninsa a nan. Ana samunsa a gaɓar Afirka ta Yamma tun daga Muritaniya har Angola, da kuma ƙetaren teku daga Kuba zuwa Barazil.

Halittarsa

Jatan lande ba kifi ba ne, ɗan'uwan ƙaguwa ne. Ba shi da ƙashi, sai ɓawo mai tauri da ya rufe jikinsa. Yana da ƙafafun tafiya 10, da waɗansu 10 a ƙarƙashin ciki na iyo. Da yake ɓawon ba ya miƙewa, ba ya girma sai ya yi saɓa kamar maciji, sa'an nan sabon ɓawo ya taurara. Tamata ta fi namiji girma, takan kai inci 7. Da rana yakan binne kansa cikin laka, da dare ya fito kiwo, yana cin tsutsotsi da ruɓaɓɓen ganye. Da wuya ya wuce shekara 2 a duniya.

Mazauninsa

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura ƙwarai, gama gida biyu gare shi. Manya suna zaune a ƙasan teku mai laka, galibi a zurfin ƙafa 30 zuwa 150. Can tamata take zuba ƙwai dubu ɗaruruwa cikin ruwa, ba ta goyonsu. Kafin kwana guda sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, sukan sāke kama sau da dama cikin mako biyu ko uku, ruwa yana kora su wajen gaɓa.

Daga nan sai su bi cikar teku su shiga bakin koguna da tafkunan gaɓa irin na Ikko, inda ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri. A wuraren nan ne itatuwan mangurob suke tsirowa cikin laka, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Saiwoyin maɓoya ce daga manyan kifaye, ganyen da ya ruɓe kuwa abinci. Bayan 'yan watanni, da sun tasa, sai su koma teku su hayayyafa. Watau abin da ake kamawa a teku, a cikin lungunan gaɓa aka rene shi.

Amfaninsa

Masunta iri biyu ke cin moriyarsa. Masu kwalekwale suna kama matasa a tafkuna da tarko da koma. Jiragen ruwa kuwa suna jan taru a ƙasan teku, su daskarar da manya cikin sanyi, a kai su Turai inda suke da tsada. Tun ƙarshen shekarun 1990 wani baƙo mai zane, Penaeus monodon, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, ya shiga cikin abin da jiragen Nijeriya ke kamawa.

Taru ba ya zaɓe: tare da jatan lande yakan kwaso ƙananan kifaye masu yawa, har da kunkurun teku. Saboda haka dokokin kamun kifi na 1992 suka hana jan taru cikin mil 5 na teku daga gaɓar Nijeriya.

Amma fa doka a teku kaɗai ba ta isa ba. Dajin mangurob na bakin Kwara, wanda ya fi kowane girma a Afirka, yana raguwa saboda saran itace, da malalar man fetur, da wani irin kwakwa mai suna nipa da aka kawo Kalaba a 1906, wanda ke cinye wurin. In makwancin 'ya'ya ya lalace, ko kuwa aka kwashe matasa kafin su koma teku, to, jirgi zai ja taru a banza. Wannan shi ne abin da ya dace malami ya fahimtar da ɗalibansa.