Yari, Marafa da maganganun da suka tabbata: Hangen nesa ne ko faɗuwa ce ta zo daidai da zama?

A ƙarshen watan Afrilun 2019, Abdul'aziz Yari ya tsaya gaban zaɓaɓɓun gwamnoni a Abuja, a taron da Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya ta shirya wa sababbin shiga. Shi ne shugaban ƙungiyar a lokacin, kuma saura masa wata guda ya bar Gidan Gwamnati na Gusau bayan shekara takwas.

Ya gargaɗe su da su ɗaura ɗamara, domin akwai yiwuwar ƙasar ta sake faɗawa cikin karayar tattalin arziki daga tsakiyar 2020 zuwa rubu'i na uku na 2021.

Haka kuwa aka yi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna tattalin arzikin ya ragu da kashi 6.10 cikin ɗari a rubu'i na biyu na 2020, ya sake raguwa da kashi 3.62 a rubu'i na uku. A watan Nuwamban shekarar aka tabbatar Najeriya ta shiga karaya ta biyu cikin shekara biyar.

Sai dai ba a cika wata ɗaya da jawabin nan ba, ranar Juma'a 24 ga Mayun 2019, ana tsakiyar azumi, Kotun Ƙoli ta soke nasarar duk 'yan takarar APC a Zamfara, har da kujerar sanatan da Yari ya ci. Mutumin da ya hango abin da zai samu ƙasa nan da shekara guda, abin da ke ƙofar gidansa ya zo masa a ba-zata.

Wanda ya ce hakan za ta faru wani ne daban: Sanata Kabiru Garba Marafa, ɗan 'Yandoto a ƙaramar hukumar Tsafe. Har yau idan hirar siyasa ta yi zafi a majalisun Gusau, Tsafe ko Bungudu, ba a rasa mai tuna wa jama'a cewa Marafa ya faɗa tun da wuri, ko kuma Yari ya faɗa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda kowace magana ta kai ga tabbata.

Wanda ya faɗa, shi ya kai ƙara

Rikicin ya samo asali ne daga zaɓen fitar da gwani na 2018. Yari ya tsayar da kwamishinansa na kuɗi, Mukhtar Shehu Idris, a matsayin wanda zai gaje shi. Wasu jiga-jigai takwas da aka yi wa laƙabi da G8 suka ce ba su yarda ba. Cikinsu akwai Marafa, da mataimakin gwamna Ibrahim Wakkala, da tsohon gwamna Mamuda Shinkafi, da Dauda Lawal.

Wa'adin da hukumar zaɓe ta INEC ta bayar ya cika ranar 7 ga Oktoba ba tare da an yi zaɓen da kowa ya amince da shi ba. Bayan kwana biyu hukumar ta rubuta wa jam'iyyar cewa ba ta sa ran karɓar sunan ɗan takara daga Zamfara. Shugaban jam'iyyar na ƙasa, Adams Oshiomhole, ya ce an yi maslaha. Ɓangaren gwamna ya ce an yi zaɓe. Marafa ya tsaya kai da fata cewa babu ko ɗaya, don haka jam'iyyarsa ba ta da halastattun 'yan takara.

Daga nan kotuna suka yi ta karo da juna. A rana ɗaya, 25 ga Janairun 2019, Babbar Kotun Jiha da ke Gusau ta ce an yi zaɓen, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kuma ta ba INEC gaskiya. A ƙarshe aka mayar da APC kan takardar ƙuri'a ana dab da zaɓe. Ranar 9 ga Maris, Mukhtar Idris ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya samu 189,452.

Duk wanda ya kalli wannan tazara zai ce magana ta ƙare. Amma ranar 25 ga Maris Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta rushe hukuncin kotun Gusau, bayan wata biyu Kotun Ƙoli ta tabbatar, ta ce ƙuri'un da aka jefa wa APC sun tafi a banza. Kujerar gwamna, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai da na jiha 24, duk suka kuɓuce a zama ɗaya.

Magoya bayan Marafa suna ganin wannan a matsayin hangen nesa, kuma ba za a hana shi yabon tsayuwa kan magana ba, a lokacin da gwamna mai ci da uwar jam'iyya ke ɗaya ɓangaren. Amma sunan shari'ar kanta ya isa bayani: APC ce da Marafa. Shi da mutanensa ne suka ɗaukaka ƙarar zuwa Sakkwato. Da sun janye, hukuncin Gusau ne zai tsaya, kuma da wuya a ce Matawalle zai sha rantsuwa ranar 29 ga Mayu.

Mutumin da ya ce katanga za ta faɗi alhali kafaɗarsa na jikinta yana turawa, ba duba ya yi ba. Ya bayyana niyyarsa ce, kuma yana da ƙarfin cika ta.

Ban da haka, abin da ya dogara da shi ba ɓoyayye ba ne. Sashe na 87 na Dokar Zaɓe ta 2010 ya fayyace yadda jam'iyya za ta fitar da ɗan takara. Wasiƙar INEC ta shiga jaridu. A Jihar Ribas, irin wannan rikici tsakanin ɓangaren Rotimi Amaechi da na Magnus Abe ya riga ya hana APC shiga zaɓe. Juma'ar tun daga Laraba ta nuna kanta. Tambayar da ta fi dacewa ita ce yadda gwamna mai lauyoyi da masu ba da shawara ya ƙi ganin abin da ke fili.

Akwai kuma abin da hasashen bai kai gare shi ba. Ikra Aliyu Bilbis, wanda shi ma ɗan ƙaramar hukumar Tsafe ne, shi ne ɗan takarar APC da hukuncin ya raba da kujerar Zamfara ta Tsakiya, mazaɓar da ta haɗa Gusau, Tsafe, Bungudu da Maru. A 2021 Matawalle ya koma APC, ya zama jagoranta a jihar. A 2023 Marafa ya nemi komawa majalisar dattawa a jam'iyyar, sai ga Bilbis a PDP ya kayar da shi.

Lokaci ya yi daidai, dalili ya bambanta

Maganar Yari ta fi kama da hasashe na gaskiya, domin ba shi da hannu a cikarta. Ya kuma yi abin da 'yan siyasa ke gudu: ya sa lokaci.

Amma me ya jawo karayar 2020? Annobar korona, wadda ta ɓulla a Najeriya a ƙarshen Fabrairun shekarar, da kullen da ya biyo baya, da faɗuwar farashin ɗanyen mai. An gina kasafin 2020 kan dala 57 kowace ganga, sai da aka dawo da shi dala 28. A watan Afrilun 2019 babu wanda ya san da wata cuta mai suna korona, har Yari.

Ƙarshen hasashen kuma bai zo daidai ba. Ya kai lissafinsa har rubu'i na uku na 2021, amma tattalin arzikin ya ɗan farfaɗo da kashi 0.11 tun a rubu'in ƙarshe na 2020. Masu tuna maganar sun fi riƙe rabin farko.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ce canki-canka ce kawai. Yari ya shugabanci gwamnoni a lokacin karayar 2016, sa'ilin da jihohi da dama suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki. Ya san yadda kason wata-wata ke bin farashin mai sau da ƙafa. Mai ɗaki ne da ya san inda yake yoyo. Abin da ya gani shi ne rufin ba zai jure ruwa mai ƙarfi ba. Ranar da ruwan zai sauka da inda zai ɓullo, wannan sa'a ce ta cika masa.

Daga nan tambaya mai nauyi take tasowa, wadda ta fi shafar ɗan fansho da malamin firamare a Gusau: wanda ya san rufin na yoyo, me ya yi a kai cikin shekara takwas? Zamfara ta fita daga mulkinsa tana cikin jihohin da suka fi dogaro da kason Abuja, kamar yadda ya same ta.

Wani masanin Amurka, Philip Tetlock, ya shafe kusan shekara ashirin yana tattara hasashen ƙwararru 284 kan siyasa da tattalin arziki, ya wallafa sakamakon a 2005. Ya gano cewa da yawansu ba su fi mai cankar ƙaddara da wani abin kirki ba, kuma waɗanda suka fi ƙarfin murya da tabbacin kansu sun fi yin kuskure. Ya iya gano haka ne saboda ya rubuta duka, wanda ya tabbata da wanda ya faɗi ƙasa. A nan babu mai wannan rajista. Bidiyon da ya yi daidai ne ake tonowa a Facebook da WhatsApp. Alƙawuran lashe zaɓe da na kawo ƙarshen 'yan bindiga cikin 'yan watanni kuwa, sai su bi iska.

Hasashen da ba ya tsada

Babu inda kalmar "na faɗa muku" ta fi arha kamar fagen tsaro.

Marafa ya sha tashi a zauren majalisar dattawa yana kokawa kan kashe-kashen Zamfara tun kafin sauran ƙasar ta mayar da hankali. A Disambar 2018 fushin jama'a ya fashe a Tsafe, masu zanga-zanga suka tare hanyar Gusau zuwa Funtuwa, aka ƙona sakatariyar ƙaramar hukuma.

Da Matawalle ya hau, ya ɗauki hanyar sulhu. Hare-hare suka lafa na ɗan lokaci, masu goyon bayan sulhun suka ce dama sun faɗa. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe, a Satumba gwamnatin ta koma ga rufe layukan waya da kasuwannin mako, masu adawa da sulhun su ma suka ce dama sun faɗa. A Yulin 2022 aka naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji da sunan neman zaman lafiya, gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Dauda Lawal ya zo a 2023 da alwashin ba zai yi sulhu ba. A watan Satumban shekarar aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu.

Kowane ɓangare yana da ranar da zai nuna ya ce gaskiyarsa ta fito. Wanda ya ce sulhu ba zai ɗore ba bai yi ƙarya ba. Wanda ya ce bindiga kaɗai ba za ta gama da matsalar ba, shi ma bai yi ba. A jihar da ta shafe fiye da shekara goma cikin wannan hali, wanda ya yi hasashen sharri da wuya ya ji kunya.

Manomi a ƙauyukan Tsafe ya san cewa idan damina ta kankama ciyawa ta rufe daji, hanya za ta ƙara haɗari, idan kaka ta yi kuma za a aiko neman haraji kafin a bar shi ya yi girbi. Yana faɗa, yana tabbata, babu mai kiransa mai hangen nesa. Shi dai yakan yi aiki da saninsa: ya sauya abin da zai shuka, ya kwashe iyali zuwa gari, ko ya haƙura da gonar nesa. Ɗan siyasar da ya faɗi irin wannan magana a gidan rediyo yana da abin da manomin ba shi da shi, wato kasafin kuɗi, kujera a majalisa da lambar wayar masu iko.

Ƙuri'a miliyan ɗaya

Akwai sabuwar magana a ƙasa. A 2025 Marafa, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Bola Tinubu a Zamfara, ya fice daga APC yana zargin an yi watsi da jihar, ya kuma sha alwashin rage wa shugaban ƙasar ƙuri'a miliyan ɗaya a 2027.

Wannan karon akwai adadi, akwai shekara, don haka ana iya aunawa. A 2023 Tinubu ya samu ƙuri'a 298,396 a Zamfara, cikin kusan miliyan 8.8 da ya samu a faɗin ƙasa. Ko da duk ƙuri'unsa na jihar sun tafi, ba a kai kashi ɗaya cikin uku na miliyan ɗin ba. Sauran sai an nemo su a wasu jihohi.

Idan ƙuri'un sun ragu, za a sha wuyar raba na Marafa da na cire tallafin man fetur, da tsadar abinci, da faɗuwar darajar naira. Idan ba su ragu ba, bidiyon alwashin yana nan a wayoyin mutanen Tsafe, kusa da na 2019.