Ƙofar Gida Mai Buɗe Kanta: Wane Inji Ya Dace Da Ƙasarmu?

 

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta ta ƙasar Nijar mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa Gidan Rumji, Agye da Gazawa, ya ga yadda gini ke sauyawa. Gidan da a da zaure ne mashigarsa, yanzu sai ka ga katangar siminti da faffaɗar ƙofar ƙarfe wadda mota za ta shige. Wasu daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikata sun fara tambayar masu walda a Maraɗi ko Katsina a kan injin nan da ake maƙala wa ƙofa, mutum yana zaune cikin motarsa ya danna rimot ta buɗe. Yau a kansa za mu tsaya, domin kuɗi ne masu yawa, kuma zaɓen tumun dare a nan yana da tsada.

Abin ya daɗe a duniya. Tun shekarar 1926 wani Ba'amurke, C. G. Johnson, ya ƙera injin lantarki mai ɗaga ƙofar gareji. A can Amurka ƙofar sama take yi, ta kwanta a ƙarƙashin rufi, inji yana jan ta da sarƙa, ko da bel na roba wanda ya fi shiru, ko da doguwar sanda mai zare. Na kawo wannan ne saboda irin waɗannan injuna sukan faɗo cikin kayan gwanjo da ke zuwa ta Kwatano, da araha mai jan hankali. Kada ka saya. Ƙofofinmu ba haka suke buɗewa ba, sannan wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 220. Ka jona shi kai tsaye, ka ƙone shi nan take.

Abin da ya shafe mu iri uku ne. Akwai injin ƙofa mai gudu a kan layi, wadda ake turawa gefe. Akwai mai hannu, na ƙofa mai ganye biyu. Akwai kuma na rido, wato ƙofar da ke naɗewa sama kamar ta shaguna, wadda ta dace da garejin da aka gina a jikin gida ko wurin ajiyar kaya.

Mu fara da mai gudu a kan layi, don shi aka fi nema. Inji yana zaune a ƙasa, yana da ƙaramin gare mai haƙora, ita kuma ƙofar an yi mata waldar doguwar sanda mai haƙora daga wannan baki zuwa wancan. Gare ya juya, ƙofa ta tafi. Yana da ƙarfi, iska ba ta cika damunsa ba, kuma ba ya cin filin tsakar gida. Amma abokin gabarsa yana nan a ƙofar gidan kowa, wato rairayi. Ƙasar Agye da Gazawa jigawa ce. Ruwan damina guda ɗaya ya isa ya kwaso yashi daga titi ya binne layin. Ka durƙusa ka duba irin wannan ƙofa bayan ruwa: tayoyin ƙarfe sun hau kan yashi, haƙoran sanda sun ɗago daga na gare, inji yana gurnani, ƙofa ko motsi. In aka ci gaba da danna rimot, haƙoran ne za su cinye. Saboda haka layin ya zama a kan dakalin siminti da ya ɗara titi tsawo, a bar wa ruwa hanyar wucewa, kuma tsintsiya ta zama cikin kayan aikin ƙofar, a share kullum.

Mai hannu ba ruwansa da yashin ƙasa, wannan ce falalarsa. Matsalarsa iska. Ƙofofinmu rufaffu ne ruf da farantin ƙarfe saboda sutura, kada na waje ya hango cikin gida. To, idan guguwar farkon damina ta taso, ganyen ƙofar gaba ɗaya yake tare iskar, nauyin kuma ya koma kan hannun injin da ginshiƙin da aka kafe shi. Ginshiƙin bulo mara rodi ba zai jure ba. Wanda gidansa ke fuskantar gabas, inda hadari ya fi tasowa, ya yi tunani sau biyu. Akwai ma wani samfurin da ake binne injinsa a rami ƙarƙashin ƙofa don ado. A ƙasar da ruwa ke kwanciya kuma yashi ke cika kowane rami, ban ga dalilin sayensa ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe: wuta. Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin inda wutarmu ke fitowa, domin babban layin da ya taso daga Katsina a nan yake sauka kafin a rarraba zuwa Maraɗi da Damagaram. Kowa yana tune da abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a farkon Agusta, aka shafe watanni cikin wahala, har sai bayan da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Ko ba rikici, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗaukewar wutar kamfanin lantarki na NIGELEC ba baƙon abu ba ne. To ka auna: matarka na naƙuda da tsakar dare, mota na ciki, ƙofa mai nauyin buhun gero huɗu ko biyar ta ƙi motsi.

Shi ya sa tambayar farko ga mai sayarwa ita ce, injin nan da batir yake aiki ko da wutar gari kai tsaye? Wanda ke aiki da batir mai bolt 12 ko 24, wutar gari caji kawai take yi masa, kuma ana iya haɗa shi da ƙaramin farantin sola a kan katanga. Kamfanin Centurion na Afirka ta Kudu, ƙasar da ita ma ta sha ɗaukewar wuta, ya yi suna da irin wannan; samfurinsa D5 an yi shi don ƙofar da ba ta wuce kilo 500 ba. Kamfanonin Italiya irin su Nice, Came, BFT da FAAC su ma suna da masu bolt 24 da ake sa wa batir. Har a jihar Kalifoniya ta Amurka, tun Yulin 2019 doka ta wajabta batir a kowane sabon injin gareji, bayan gobarar daji ta 2017 inda wasu suka kasa fitar da motocinsu da wuta ta ɗauke. Sai dai zafi yana rage kwanan batir, don haka a yi wa injin 'yar rumfa.

Tambaya ta biyu, ina makullin sakin ƙofa? Kowane inji na ƙwarai yana da shi: ka murɗa, ƙofa ta rabu da inji, ka tura da hannu. Kada makullin ya zauna cikin aljihun maigida shi kaɗai. Uwargida ta san inda yake, babban yaro ma a nuna masa, a gwada da rana ido na ganin ido.

Sai maganar yara, wadda ba na so a ɗauke ta da wasa. Ƙofar gidan Bahaushe ba ta rabuwa da 'yan yara, da almajirai masu jiran sadaka, da awaki masu neman inuwa. Injin da zai iya tura rabin tan ba ya bambance yaro da dutse. Akwai wasu 'yan idanu biyu da ake kafawa a kan ginshiƙai suna kallon juna. Da zarar wani abu ya gitta, ƙofa ta tsaya ko ta koma baya. A Amurka tun 1993 aka tilasta irin wannan kariya a injin ƙofar gareji saboda yaran da ƙofofi suka danne. Wasu masu haɗawa sukan cire su don rage farashi, ko su kashe su idan ƙurar hunturu ta rufe gilashinsu, ƙofa ta riƙa ƙin rufuwa. Maganin wannan tsumma ne, a goge. Kada ka yarda a cire.

Kafin ka biya ko dala, kira mai waldarka, ku tura ƙofar da hannu ɗaya. In ba ta tafiya sumul, inji ba zai gyara ta ba, sai a fara da tayoyi da layi. Ka tambaye shi nauyinta, ka sayi injin da ƙarfinsa ya zarce wannan nauyi. Sannan ka tambayi mai sayarwa ko akwai allon lantarkin injin da rimot na canji a Maraɗi, Katsina ko Kano, da kuma wanda zai zo har Gidan Rumji ya gyara in ya lalace, kuma nawa ne kuɗin zuwansa. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka, ka ƙara tambaya a shago na gaba.