Lantarki da Allurar Sinawa Wajen Cire Ƙwan Haihuwa

A cikin matakan dashen ƙwan haihuwa, wato abin da likitoci ke kira IVF, babu wanda mata suka fi jin fargabarsa kamar ranar cire ƙwai, domin kuwa a ranar ne, bayan kamar awa 36 da yin allurar da ke nunar da ƙwan, likita zai bi da doguwar allura ta bangon farji, yana duban hoton na'ura, har ya kai ga ma'ajiyar ƙwan ya zuƙo ruwan kowane ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai cika wuce rabin awa ba, amma raɗaɗinsa ba na wasa ba ne.

Bisa al'ada ana kashe zafin da magunguna dangin afiyun, irin su alfentanil, tare da allurar kashe jijiya a gefen bakin mahaifa. Sai dai waɗannan magunguna suna da illarsu, ga jiri, ga tashin zuciya, ga nauyin jiki, kuma da aka tarar cewa burbushinsu na isa cikin ruwan da ƙwan yake kwance, sai zukatan likitoci suka ƙi natsuwa, ko da yake ba a tabbatar da cutarwa ba. Wannan ne babban sababin da ya sa aka waiwayi tsohuwar hikimar Sinawa ta tsira siraran allurai a wasu gurabe na jiki, aka haɗa ta da lantarki mara ƙarfi. Wani lokacin ma ba a huda fata, sai a manna ɗan faifai a tsakanin babban yatsa da manuni, gurbin da suke kira Hegu, ko a cikin wuyan hannu, wato Neiguan, matar ta riƙa jin ɗan zir-zir, naman wurin yana motsi da kansa.

Kada mai karatu ya ɗauki abin tsibbu. Shehin malami Han Jisheng na Jami'ar Peking ya nuna cewa bugu 2 na lantarki a sakan yana sa jiki ya saki wani nau'in maganin zafi na halittarsa, bugu 100 kuma ya saki wani nau'in daban.

To amma hujjar ɗakin bincike daban, shaidar gadon asibiti daban. A 1999 Elisabet Stener-Victorin da abokan aikinta a Suwidin suka jarraba mata 150, suka ga lantarkin ya yi kunnen doki da alfentanil, har ma waɗanda aka yi wa shi suka fi samun ciki. Labari ya bazu, masu neman haihuwa kuwa, waɗanda suka riga suka zuba dukiya da hawaye, ba sa jin an ambaci wata dabara su ƙyale ta. Da aka maimaita a 2003 da mata 286, sai wancan fifiko na samun ciki ya ɓace, abin da ya saura shi ne ƙarancin tashin zuciya da ciwon mara bayan aiki. A Denmak kuwa, a 2004, waɗanda aka yi wa lantarki sun fi kukan zafi da kammala aikin, illa dai sun riga sauran tashi zuwa gida, kuɗin da aka kashe musu kuma bai kai na sauran ba.

Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne, fa'idar wannan hanya tana ga taimaka wa magani, ba ga maye gurbinsa ba, kamar yadda aka gani a birnin Biyana a 2006, inda lantarkin kunne ya rage yawan maganin da matan suka nema. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2018 ma a nan ya karkata, tare da gargaɗin cewa hujjojin masu rauni ne. Kuma raunin yana da dalili, tunda da wuya a ɓoye wa mace ko lantarki na ratsa hannunta ko ba ya ratsawa, alhali sikelin zafin ba komai ba ne face bakinta.