Harshen Mutum da Harshen Na'ura: Gardamar Masu Rubuta Manhaja a kan Ƙirƙirarriyar Basira

1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 2021 wata gardama ta tashi tsakanin masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, musamman maginan shafukan intanet, har yau kuwa ba ta kwanta ba. A shekarar nan ce kamfanin GitHub ya fito da Copilot, wata manhaja wadda ke ƙarasa wa mai rubutu layin da ya fara. A watan Nuwamba na 2022 kuma kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, wadda mutum zai gaya mata bukatarsa da maganar yau da kullum, ita kuwa ta tsara masa umarnin da kwamfuta za ta bi. Irin waɗannan su a ke kira ƙirƙirarriyar basira. Waɗansu ma'aikata sun ce sana'arsu ta zo ƙarshe, waɗansu sun ce sun sami yaron aiki wanda ba ya gajiya, waɗansu kuwa sun ce wahala aka ƙara musu.

Watakila mai karatu ya ce, me ya kawo wannan batu cikin takardun sashen Hausa? Dalili shi ne, in an bi gardamar har gindinta, za a tarar maganar harshe ce. Nufina a wannan 'yar maƙala in nuna cewa abin da ya raba kawunan ma'aikatan nan shi ne abin da mu ke kira harshen damo a darasin nahawu, watau jumla ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu.

2. Yadda aka ƙago harsunan na'ura

Kwamfuta ba ta jin kome sai lambobi biyu, 0 da 1. Mutanen farko da lambobi su ke ba ta umarni, aiki mai cin rai, mai yawan kuskure. A 1952 wata Ba'amurkiya, Grace Hopper, ta yi wata manhaja mai harhaɗa umarni daga alamomin da mutum ya rubuta. A 1957 John Backus da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka fito da harshen FORTRAN. Daga nan mutum ya sami damar rubuta abin da ya yi kama da lissafi da Turanci, wata manhaja kuma, wadda za mu kira tafinta, ta juya shi zuwa lambobi.

A daidai wannan lokaci ne masanin harshe Noam Chomsky ya ke nuna cewa ana iya bayyana ginin jumla da ƙa'idodi ƙididdigaggu, ya kuwa buga littafinsa Syntactic Structures a 1957. Backus da Peter Naur, mutumin Denmak, sun tsara nahawun harshen ALGOL na 1960 da ƙa'idodi waɗanda daga baya aka gane irin na Chomsky ne. Har a 1967 wani masani, Peter Ingerman, ya ba da shawara a sa sunan Panini cikin sunan wannan tsari, domin malamin nan na Indiya ya yi irinsa ga harshen Sanskirit fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ashe tun asali sana'ar nan da tamu 'yan'uwa ne.

Amma akwai babban bambanci. Harshen na'ura ƙagagge ne, an gina shi da gangan don kowace jumla ta ɗauki ma'ana ɗaya tak. Kalmominsa kaɗan ne. Harshen Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya fitar a 1991, keɓaɓɓun kalmominsa ba su kai 40 ba, alhali kuwa ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 yana da kalmomi wajen 39,000. In mai rubutu ya manta da baka guda a jumlarsa, tafinta ya kan tsaya cik, ya ƙi wucewa. Ba ya cinkar nufin mutum, ba ya kuma yi masa kara.

Maginin shafin intanet da harsuna uku ya ke aiki. Na farko HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙago a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, bayan shawarar da ya gabatar a 1989. Shi ne tubali da azara. Na biyu CSS, na 1996, shi ne shafe da zane. Na uku JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a 1995, shi ne ƙofofi da makullai, watau duk abin da ke motsi. A kan waɗannan kuma an ɗora kayan aiki iri iri, kamar jQuery a 2006 da React a 2013. Tsohon kukan ma'aikatan ke nan, kafin mutum ya ƙware da wannan an fito da wancan.

3. Yadda sabuwar na'ura ke aiki

Ƙirƙirarriyar basira ta bi wata hanya dabam. Tsarin da a ke ginin irin waɗannan manhajoji a kai masu bincike na kamfanin Google ne suka bayyana shi a 1917 da ɗari, watau 2017. A kan ɗura wa na'ura rubutu mai ɗimbin yawa, na mutane da na umarnin kwamfuta, ta yi ta gwada cinkar guntun da zai biyo baya, ana gyara ta, har ta ƙware. In an ce wa Bahaushe "gani ya kori", ba sai ya yi tunani ba zai ce "ji". Haka na'urar ke yi, sai dai nata ya kai ta ƙarasa shafi guda, ko manhaja sukutum.

A 2021 masaniyar harshe Emily Bender da abokan aikinta sun kwatanta irin wannan na'ura da aku, mai maimaita magana ba tare da sanin ma'anarta ba. Waɗansu masana ba su yarda da kwatancin ba, suna ganin aikin da ta ke yi ya wuce na aku. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, ita tana cinka, tsohon tafinta kuwa ba ya yi. Saboda haka ta kan rubuta umarni mai kyaun gani wanda ba daidai ba ne, har wani lokaci ta ambaci sunan wani kundin umarni wanda babu shi a duniya, ba tare da ta nuna shakka ba.

4. Ra'ayoyin ma'aikata

Masu murna da abin suna da hujja. Yawancin aikin maginin shafi maimaici ne: gurbin rubuta suna, gurbin lambar waya, maɓallin aikawa. Na'ura ta kan gama wannan cikin ƙiftawar ido. A 2022 kamfanin GitHub ya raba ma'aikata 95 gida biyu, ya ba su aiki guda da harshen JavaScript. Masu Copilot suka gama cikin awa 1 da minti 11, sauran kuwa awa 2 da minti 41. Sai dai a tuna mai sayar da kayan shi ya yi awon. Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa OpenAI, ya faɗa a 2023 cewa Turanci ya zama sabon harshen ba kwamfuta umarni, a 2025 kuma ya ba da labarin yadda ya kan karɓi abin da na'ura ta rubuta ba tare da ya karanta ba, in aikin na wasa ne.

Masu shakka su ma suna da tasu. A 2025 wata ƙungiyar bincike ta Amurka, METR, ta gwada ƙwararru 16 a kan manyan manhajojin da suka daɗe suna aiki a kai. Da suka yi amfani da na'ura sai lokacin aikinsu ya ƙaru da kashi 19 cikin 100, alhali su a ransu sun ɗauka saurinsu ya ƙaru da wajen kashi 20. Kayan aikin suna sauyawa da sauri, alƙaluman nan kuwa na shekarunsu ne. Amma in an dube su tare ba su saɓa wa juna ba. Gwajin farko ƙaramin aiki ne wanda aka riga aka fayyace abin da a ke so. Na biyu kuwa aiki ne mai tarihi, cike da sharuɗɗan da ba a rubuta ba, suna cikin kan ma'aikaci.

Wannan ba sabon zance ba ne. Tun 1978 Edsger Dijkstra, masanin Holan, ya rubuta cewa wauta ce a nemi ba kwamfuta umarni da harshen mutane, domin tsananin harshen na'ura shi ke hana mutum faɗin shirme bai sani ba. A 1986 Fred Brooks ya raba wahalar sana'ar gida biyu: wahalar rubutawa, wadda kayan aiki ke iya ragewa, da wahalar sanin ainihin abin da a ke so a gina, wadda ba kayan aikin da zai ɗauke. Yawancin tsofaffin ma'aikata da ke amfani da na'urar yau a nan suka tsaya. Suna ba ta aiki kamar yadda magini ke ba lebura, amma ba su barin gini ya tashi ba su ɗora igiya ba.

5. Misalai daga Hausa

Bari mu gwada maganar Dijkstra da harshenmu. A ce shugaban wata makaranta ya rubuta wa na'ura haka:

(a) Duk ɗalibin da ya biya kuɗi ya shiga aji.

In an ja wasalin "ya" na biyu da karin sama, labari ne, an riga an shiga. In an gajarta shi da karin ƙasa, umarni ne, a bar shi ya shiga. Kunne yana rarrabewa, amma rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, na'ura kuwa rubutu ta ke gani.

(b) Cire sunayen ɗaliban da ba su biya kuɗin makaranta da na jarrabawa ba.

Nan harshen damo biyu ne. Wanda ya biya ɗaya bai biya ɗaya ba, yana ciki ko ba ya ciki? Sa'an nan "cire", a ware su a takarda dabam ne, ko a shafe su daga rajista? A harshen na'ura tilas mai rubutu ya zaɓi ɗaya, don ba yadda za a rubuta jumlar ta ɗauki duka biyun. Tilas ɗin nan shi ke sa ya koma wurin shugaba ya tambaya. Ƙirƙirarriyar basira wani lokaci ta kan tambaya, amma sau da yawa ta kan zaɓi wanda ya fi yawa cikin rubutun da ta gani, ta wuce. In ta zaɓi shafewa, umarnin zai yi aiki sumul, ba ƙararrawar da za ta kaɗa, sai ranar da yaro ya zo ɗaukar jarrabawa aka nemi sunansa aka rasa.

(c) Jera garuruwan nan bisa abacada: Zariya, Ƙanƙara, Kano, Ɗanja.

Wannan jumla ba ta da harshen damo a wurin Bahaushe, amma akwai abin da ba a faɗa ba. A tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, kowane harafi yana da lamba: K 75, Z 90, Ɗ 394, Ƙ 408. JavaScript, in ba a gaya masa kome ba, da lambobin nan ya ke jeri, sai ya kawo Kano, Zariya, Ɗanja, Ƙanƙara. Akwai hanyar sa shi ya bi jerin Hausa, Ɗ bayan D, Ƙ bayan K, amma sai an nema. Wanda ya karɓi aikin na'ura bai gwada shi da haruffa masu ƙugiya ba, ba zai ga aibin ba. Haka kuma wajen nema, in ba a yanke shawara ba ko "kasa" za ta kawo "ƙasa", wani zai nemi sunansa ya rasa don an rubuta shi ba ƙugiya.

Misalan nan uku sun nuna abu guda. Dā tsananin tafinta shi ke tilasta wa mutum ya warware maganarsa. Yanzu da na'ura ta yarda ta karɓi magana yadda ta zo, nauyin warwarewar ya koma kacokan kan mai magana da mai dubawa.

6. Abin da ya shafe mu malamai

Ɗalibanmu na kwalejojin horon malamai da yawa cikinsu za su ba irin waɗannan na'urori aiki, ko da ba su taɓa koyon harshen kwamfuta ba. Saboda haka ina ba da shawara uku.

Na farko, a mai da harshen damo darasi mai zaman kansa. A ba ɗalibi jumla irin ta (b), ya fito da duk ma'anoninta, sa'an nan ya sake rubuta kowace ta yadda ba za ta ɗauki wata ba.

Na biyu, cikin darasin insha'i a ƙara rubutun umarni. Ɗalibi ya rubuta yadda a ke wani aiki daki-daki, kamar lissafin sakamakon jarrabawa, a ba abokinsa ya bi abin da ke rubuce kawai, ba tambaya. Inda abokin ya tsaya ko ya kauce, nan ne giɓin ya ke.

Na uku, mu tsananta kan ƙa'idojin rubutu, musamman ƙugiya da rabon kalmomi. Na'urorin nan daga rubutun da mutane suka bari su ke koyo, rubutun Hausa kuwa kaɗan ne in an gwada da na Turanci, mai yawa daga cikinsa kuma ba ƙugiya. Abin da mu ka rubuta yau shi za su koya gobe.

Ina fata abokan aiki da suka gwada darussan nan a ajinsu za su aiko wa sashe da abin da suka gani, musamman jumlolin da suka fi rikita ɗalibai, don mu tara su mu fitar a wata takarda mai zuwa.