Me Ya Sa Ake Karanto Lambar Asusu Guntu-Guntu?

Tsaya gaban mai POS a Arkilla ka saurara: lambar asusu mai alƙaluma 10, uku-uku ake karanto masa, sannan huɗu. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa na da ma'ajiyar wucin gadi inda take riƙe abin da ake aiki da shi nan take, kuma ba ta ɗaukar da yawa. A 1956 masani ɗan Amurka George Miller ya ƙiyasta abu bakwai. A 2001 Nelson Cowan ya ce kusan huɗu ne. Dunƙula alƙaluma yana rage mata nauyi. In ba a nanata ba, cikin daƙiƙoƙi sun ɓace, shi ya sa za ka ga leɓɓan mai POS ɗin na motsi. Don Allah, kada ka ja shi da hira yana tsakar dannawa.