Rigimar ganin wata: ba a kanmu farau ba

 

Yau zan ɗauke ku zuwa wani waje da ba mu saba leƙawa ba, wato rigimar da malaman Yahudawa da na Kirista suka daɗe suna yi kan kalandar Baibul. Kada wani ya ce mi ya haɗa mu da wanga zance. Ku dai biyo ni, za ku ji kamar labarin jajibirin Sallarmu ake ba ku.

Tushen abin lissafi ne. Wata yana ɗaukar kusan kwana 29 da rabi kafin ya sake tsayawa, shi ya sa shekarar wata take kwana 354, ta rana kuma 365. Mu Musulmi mun bar wannan gibin na kwana 11 yadda yake, don haka azumi yake zagayawa, yau cikin zafi, bayan wasu shekaru cikin hunturu. Su Yahudawa ba su da wannan damar, domin Attaura ta ɗaure Idin Ƙetarewa da lokacin nunar sha'ir. Dole su riƙa ƙara wata na 13, sau 7 a kowace shekara 19. To wa zai ce an ga wata? Wa zai ce bana a ƙara? Nan fa ake yinta.

Akwai labarin da ya fi tsaya mini a rai, yana cikin Mishna, littafin fiƙihunsu na farko. Bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70, majalisar malamansu ta koma garin Yabne, inda daga baya Rabban Gamaliyel ya shugabance ta. Wata rana shaidu biyu suka zo suka ce sun ga jinjirin wata, amma washegari da daddare aka duba sama, babu shi babu alamarsa. Gamaliyel ya karɓi shaidarsu. Wani babban malami, Rabbi Yoshuwa, ya goyi bayan masu cewa shaidar zur ce. Kun ga ke nan ranar Kafara, babbar ranar azuminsu, ta rabu biyu: ta shugaba daban, ta malam daban. Sai Gamaliyel ya aika masa da umarni ya zo gabansa riƙe da sanda da kuɗi a ranar da shi Yoshuwa yake ganin ita ce ranar Kafara, ranar da haramun ne a wajensu mutum ya ɗauki kaya ya yi tafiya. Malam ya shiga damuwa, ya yi shawara da abokansa, daga ƙarshe ya ɗauki sandarsa ya tafi. Gamaliyel ya miƙe ya sumbaci kansa. Ku lura, labarin bai ce shugaba ne ya yi daidai a lissafi ba. Abin da ya nuna shi ne an zaɓi a yi azumi rana ɗaya.

Ko da suka daina fita duban wata suka koma lissafi zalla, ba su huta ba. A shekarar 921 malaman Falasɗinu ƙarƙashin Ben Meir suka saɓa da na Bagadaza, waɗanda Sa'adiya Gaon ya tsaya wa, har Idin Ƙetarewa na 922 ya zo da tazarar kwana biyu tsakanin ɓangarorin.

Kiristoci kuwa tasu ta fi tsawo. Taron Nikiya na shekarar 325 ya nemi a riƙa bikin Ista rana ɗaya. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalanda, aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata. Ingila ta ƙi bi sai 1752, ba don lissafin ya kuskure ba, sai don daga Roma ya fito. Cocin Otodoks har gobe da tsohuwar kalanda take lissafin Ista, shi ya sa a 2024 wasu suka yi 31 ga Maris, wasu sai 5 ga Mayu. Mu kwana ɗaya ke raba mu muna kumfar baki, su mako biyar cur! Ban ma shiga batun shekarun duniya ba, inda Bishop Ussher a 1650 ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin Annabi Isa (AS), Yahudawa suka ce 3761, Rumawan Gabas suka ce 5509. Littafi ɗaya suke karantawa fa, amma fassarar Girkanci da nassin Ibrananci ba su daidaita kan shekarun annabawan farko ba.

Yanzu mu dawo gida, a shekarar 2024. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya ayyana Laraba 10 ga Afrilu a matsayin ranar ƙaramar Sallah. Nijar ta yi Talata, kuma a Sakkwato Sheikh Musa Lukwa ya ja mabiyansa Idi ranar Talatar, bisa hujjar an ga wata a Nijar. In za a yi adalci, hujjar ba ta banza ba ce. Daga Sakkwato zuwa Birnin Konni bai kai kilomita 100 ba, kuma a mazhabar Malikiyya ganin wani gari yana hawa kan na kusa da shi. Iyakar da Turawa suka shata ba ta raba sararin sama ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ranar Litinin ɗin, 8 ga Afrilu, aka yi kusufin rana a Meziko da Amurka da Kanada. Kusufin rana ba ya faruwa sai lokacin da wata ya shiga tsakanin rana da duniya, wato daidai haihuwar sabon wata. Wannan ya faru wajen ƙarfe 7:20 na dare agogonmu, bayan rana ta riga ta faɗi a Sakkwato da Konni. To wane wata aka gani da magariba? Ba na cewa shaidu maƙaryata ne. Mutum yana iya ganin zaren gajimare ko hayaƙin jirgi ya rantse da zuciya ɗaya. Kuma wannan ba ra'ayin 'yan boko ba ne: Imam Subki, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 756 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa in lissafi tabbatacce ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba, to ba a karɓar shaidar.

Ni matsayina, ina bin sanarwar Fadar Sarkin Musulmi, domin na ga yadda Sallah biyu ke yi wa gida ɗaya: uba na azumi, ɗa ya dawo daga Idi, uwa ta rasa ranar da za ta ɗora tukunya. Amma bin fada ba ya nufin mu naɗe hannu. Labarin ganin wata daga ƙauyukanmu ta hannun hakimai yake bi kafin ya isa kwamitin da ke Sakkwato. Shi Gamaliyel ɗin nan, an ruwaito yana da zanen siffofin wata a bangon ɗakinsa, yana nuna wa mai shaida ya zaɓi wanda ya gani. Mi zai hana kowane hakimi a Kebbe da Tambuwal ya samu matashi ɗaya da ya iya duba lokacin faɗuwar rana da na wata, ya zauna kusa da malamai ranar 29? A tambayi mai shaida ƙarfe nawa, ta wane ɓangaren rana, ƙahonnin watan ina suka fuskanta, a rubuta kafin a ɗaga waya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.